Ɗan Dambe Ko Manomi: Wace Hanya Ce Take Rage Tumbi?

Jawabin da aka gabatar a gaban taron ɗalibai da matasan ma'aikatan gwamnati a birnin Katsina

 

Da takardar gayyatarku ta iso mini, na tarar da tambaya guda a ƙarshenta, aka ce ita ake so in warware. Tambayar kuwa ita ce: wanda yake son ya rage ƙiba, ya kuma ƙara ƙarfin jiki, wanne ya fi masa, ya yi motsa jiki mai tsanani na 'yan mintoci har numfashinsa ya ƙare, ko kuwa ya yi mai sauƙi, kamar tafiya ko sassarfa, na tsawon awa guda? Na ji an ce gardamar nan ta raba ɗakunan kwananku gida biyu, kowane ɓangare yana kafa hujja da abin da ya gani a wayarsa. To, madalla da gardama irin wannan. Amma kafin in amsa, bari in gaya muku dalilin da ya sa ban ɗauki tambayar da wasa ba.

Ina da wani aboki da muka yi makaranta tare, siriri ne kamar sillen kara. Ya gama karatu, ya sami aikin ofis, bayan 'yan shekaru ya sayi mota. Daga nan tafiyarsa ta zama daga ƙofar gida zuwa mota, daga mota zuwa kujera. Tumbi ya fito, dangi suka yi ta murna, wai hutu ya zauna masa. Ran nan ciwon kai ya kai shi asibiti, aka gwada shi, aka ce jininsa ya hau, alhali kuwa bai cika shekara arba'in ba. Tsoro ya kama shi. Ya sayi takalmin gudu, ya sa rigar ruwa ta leda don wai ya yi gumi, ya fita da rana tsaka cikin watan Afrilu. Kwana uku yana haka, a na huɗu aka kwaso shi ranga-ranga. Tun daga ranar bai sake ba, tumbin kuwa yana nan. Yawancinku da kuke zaune a nan, kujerar da ta yi wa abokina haka ita kuke nema da takardar shaidarku. Saboda haka maganar yau taku ce tun kafin ku kai can.

Da farko dai ya kamata mu san cewa hanyoyin nan biyu ba baƙi ne a ƙasar nan ba. Ku dubi ɗan dambe. Turmi uku ake yi, kowane turmi ɗan lokaci ne, amma a cikinsa yakan zuba duk ƙarfin da Allah Ya ba shi, ya koma gefe yana haki, sa'an nan ya sake shiga. Haka ɗan kokawa, haka mai wasan langa. A Kwalejin Katsina, wadda aka buɗe a 1922, ɗalibai sun yi suna wajen wasan fayis, kuma Sardaunan Sakkwato, Sir Ahmadu Bello, wanda ya yi karatu a can, bai bar wasan nan ba har ya zama Firimiya. Fayis kuwa wasa ne na zabura da tsayawa. Ƙwallon dawaki ma, wanda Sarki Muhammadu Dikko ya kafa a garin nan, Sarki Usman Nagogo ya shahara da shi, zango-zango ake yinsa, kowane zango wajen minti bakwai, a sauya doki don ba zai iya jurewa ba. Wannan ita ce hanya ta farko.

Ta biyu kuwa ita ce ta manomi, wanda zai kama kunya tun da hantsi bai yi ba, ya yi ta tafiya da hauya sannu-sannu har azahar. Ita ce ta falke mai bin ayari, da ta mai tallar nono da take tasowa daga ruga da ƙwarya a ka. Ba su haki, amma ba su tsayawa. Ashe tambayarku, in an fassara ta da harshen gida, ita ce: ɗan dambe za mu bi ko manomi?

Bari mu fara da abin da masana suka gano game da hanyar ɗan dambe. Masu tseren gudu sun daɗe da sanin amfaninta. A ran 6 ga watan Mayu, 1954, wani ɗalibin likitanci a Ingila mai suna Roger Bannister ya zama mutum na farko da ya yi gudun mil guda cikin ƙasa da minti huɗu. Ɗalibi ne kamarku, ba shi da lokaci. A hutun cin abincin rana yake fita, ya yi gudun rubu'in mil da ƙarfi, ya ɗan huta, ya sake, har sau goma, ya koma asibiti.

A 1996 wani masani ɗan Japan, Izumi Tabata, ya raba samari gida biyu har mako shida. Kashi na farko suna tuƙa keken motsa jiki na awa guda a matsakaicin ƙarfi, kwana biyar a mako. Kashi na biyu kuwa, a yawancin kwanakin, sakan 20 suke yi da iyakar ƙarfinsu, su huta sakan 10, su maimaita sau bakwai ko takwas, watau minti huɗu ke nan. Da aka auna su, sai aka tarar ƙarfin jikinsu na jawo iska da aiki da ita ya ƙaru a duka ɓangarorin, kuma masu minti huɗu sun sami ƙarin juriyar zabura wadda masu awa guda ba su samu ba. Daga nan sunan Tabata ya bazu a duniya. Sai dai akwai abu biyu da masu tallarsa a waya ba su faɗa muku. Na ɗaya, samarin nan 'yan wasa ne da suka saba, kuma wahalar da suka sha cikin minti huɗun nan ta kai a ce mutum ya ga taurari da rana. Na biyu, Tabata bai auna kitse ba sam. Zuciya da huhu da tsoka ya duba.

Har ila yau, a 2016, masana a Jami'ar McMaster ta ƙasar Kanada, ƙarƙashin Martin Gibala, sun gwada abin a kan maza waɗanda ba su saba motsa jiki ba. Wasu suna yin minti 45 a sannu, wasu suna yin minti 10 kacal, wanda a cikinsa sau uku suke zabura na sakan 20. Sau uku a mako, har mako 12. A ƙarshe ƙarfin jawo iska ya ƙaru da wajen kashi 19 cikin ɗari a kowane ɓangare. Saboda haka wanda ya ce gajeren motsa jiki mai tsanani yana ƙarfafa zuciya cikin ɗan lokaci, gaskiya ya faɗa. Dalili kuwa shi ne, zuciya tsoka ce, in aka matsa mata ta kusa kai maƙura, sai ta koyi tura jini mai yawa a kowane bugu.

To, hanyar manomi fa? Ita ma tana da shaidu. A 1953 wani likita a Landan, Jeremy Morris, ya kwatanta direbobin motocin haya masu bene da yaran motar da suke karɓar kuɗi. Direba yana zaune yini guda, mai karɓar kuɗi yana hawa yana sauka. Ya tarar ciwon zuciya ya fi kama direbobi, kuma ya fi yi musu kisan farat ɗaya. Masu karɓar kuɗin nan ba gudu suke yi ba, ba su da rigar wasa, zirga-zirga ce kawai ta yau da gobe. Wannan bincike yana cikin na farko da suka nuna wa duniya cewa zama kansa cuta ne. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarar da ta fitar a 2020, ta ce baligi ya sami minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a mako, ko kuwa minti 75 zuwa 150 na mai tsanani, ko ya gauraya su, ya kuma yi aikin ƙarfafa tsoka kwana biyu. Ku lura da lissafin: minti guda na ɗan dambe yana daidai da minti biyu na manomi. Hukumar ba ta ce ɗaya ya kori ɗaya ba.

Yanzu sai mu zo kan tumbi, wanda na san shi ne ainihin abin da ya tara mu. A nan ina roƙon ku ba ni aron hankalinku, don lissafi za mu yi. Abincin da muke ci, ƙarfin da ke cikinsa ana auna shi da ma'aunin da ake kira kalori. Abin da jiki bai ƙone ba sai ya adana shi ya zama kitse. Kilo guda na kitsen jiki yana ɗauke da kalori wajen 7,700. Mutum mai nauyin kilo 70, in ya yi tafiyar kilomita guda a ƙasa, yakan ƙone kalori wajen 50. Baturen nan matafiyi, Heinrich Barth, da ya zo Katsina a 1851, ya kiyasta kewayen ganuwar birnin nan mil 13 zuwa 14, watau wajen kilomita 22. Ko da yake yawancin ganuwar ta zube, kun san inda ta bi: Ƙofar Ƙaura, Ƙofar Ƙwaya, Ƙofar 'Yanɗaka, Ƙofar Guga, Ƙofar Sauri, Ƙofar Durɓi, Ƙofar Marusa. To, kafin tafiya kaɗai ta cire maka kilo guda na kitse, sai ka kewaye ganuwar nan kaf wajen sau bakwai.

Ku dubi ɗaya gefen kuma. Robar lemon kwalba guda mai rabin lita tana ɗauke da kalori wajen 200, da sukari kusan ƙwaya goma. Tafiyar kilomita huɗu ke nan, a shanye cikin minti biyu. Cokalin cin abinci guda na mai, na gyaɗa ne ko na ja, kalori wajen 120 ne. Minti huɗun Tabata kuwa, duk da azabarsa, bai kai kalori 100 ba. Wanda ya yi shi da safe, ya biya ta teburin mai shayi ya ce a soya masa taliya biyu da ƙwai uku, a haɗa masa shayi mai kauri, ya mayar da abin da ya fitar ninki da yawa.

Wani zai tashi ya ce, ai an ce bayan motsa jiki mai tsanani jiki yakan ci gaba da ƙona kitse ko mutum yana barci. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, amma da aka auna, ƙarin bai wuce kashi 6 zuwa 15 cikin ɗari na abin da aka ƙone a lokacin aikin ba. Bai kai ƙosai biyu ba. Wani kuma daga ɓangaren manomi zai ce, ai tafiya a sannu ita ce take cin kitse, gudu sukari yake ci. Shi ma da gaskiyarsa, gama a sannu jiki ya fi ɗiba daga rumbun kitse. Amma jiki ba a awa guda yake rufe littafinsa ba. Abin da ya shiga da abin da ya fita cikin mako da wata shi ne yake yanke hukunci. A 2017 ƙungiyoyi biyu na masana a Ostareliya sun tattara gwaje-gwaje masu yawa da aka kwatanta hanyoyin nan biyu. Duka sun tarar babu wani bambancin kirki tsakaninsu wajen rage kitse, kuma abin da kowace hanya take ragewa ita kaɗai ba shi da yawa. Fifikon mai tsanani guda ne, ya fi cin lokaci kaɗan.

Akwai wani bincike da ya shafe mu kai tsaye, wanda aka buga a 2008. An kwatanta matan karkara na kudu maso yammacin Nijeriya da baƙaƙen mata na wajen birnin Shikago a Amurka. Na Amurka sun fi namu nauyi da fiye da kilo 20. Kowa ya zaci namu sun fi ƙone ƙarfi wajen aiki, amma da aka auna, aka daidaita da girman jiki, sai aka ga ba su da wata tazara. Bambancin da ya fito fili yana cikin akushi. Na nan suna cin hatsi da rogo da ganye, na can suna cin mai da abincin gwangwani.

Sauran maganar gumi, wanda ya kusa kashe abokina. Gumi ruwa ne da gishiri, jiki yake fitarwa don ya huce. Wanda ya sa leda ya hau sikeli ya ga kilo biyu sun tafi, da ya sha ruwa za su dawo. Kitse ta hanci yake fita. An lissafa a 2014 cewa in kilo 10 na kitse ya ƙone, kilo 8.4 iska yake zama mu fitar da numfashi, sauran kilo 1.6 ya zama ruwa. Haka kuma babu wani motsi da yake zaɓen kitsen ciki shi kaɗai. Ko ka kwanta ka tashi sau ɗari, tsokar ciki za ta yi ƙarfi a ƙarƙashin tumbin, tumbin kuwa sai jiki duka ya ragu zai bi.

Kafin in ba da shawara, wajibi ne in yi gargaɗi, musamman ga masu zumuɗin bin ɗan dambe. A ran 12 ga watan Agusta, 1989, Samuel Okwaraji ya faɗi a filin wasa na ƙasa da ke Legas, ana tsakiyar wasa da Angola, bai sake tashi ba. Shekararsa 25, kuma ɗan wasan ƙasa ne. Binciken likitoci ya nuna zuciyarsa ta kumbura, kuma yana da hawan jini. In haka ta faru ga wanda wasa ne sana'arsa, ina ga wanda ya shekara biyar a kujera? Hawan jini ba ya sallama. Ku je a gwada ku, abin minti biyu ne. Wanda aka tarar jininsa ya kai 140 bisa 90 ko ya wuce, da mai ciwon sukari, da mai asma, da mace mai juna biyu, su nemi shawarar likita kafin su fara mai tsanani. Bugu da ƙari, wajen mutum ɗaya cikin huɗu a ƙasar nan yana ɗauke da rabin gadon amosanin jini, wanda ake rubutawa AS. Yawancinsu lafiya lau suke wasa, amma ƙure ƙarfi cikin zafi da ƙishirwa yana da haɗari a gare su fiye da saura. Mai cikakkiyar sikila kuwa sai abin da likitansa ya yarje masa. Garinmu kuma kun san shi, a bazara zafi yakan haura digiri 40. Lokacin fita shi ne bayan asuba ko bayan la'asar sakaliya. Da azumi a bar mai tsanani sai an sha ruwa. In ƙurar hunturu ta yi yawa, a yi a cikin ɗaki. Duk wanda ya ji ƙirjinsa ya ɗaure, ko jiri ya ɗebe shi, ya tsaya nan take, kada kunyar abokai ta sa ya ci gaba.

To, ga amsata. Hanyar manomi ita ce tuwo, ta ɗan dambe ita ce yaji. Da tuwo ake ƙoshi, yaji kuwa ɗan kaɗan ya isa, kuma ba a ba jariri.

Wanda bai saba ba ya fara da tafiya mai sauri ta minti 30, kwana biyar a mako. Ma'auninta mai sauƙi ne: ka iya magana da abokin tafiyarka, amma ba ka iya rera waƙa. Ba lalle sai a filin wasa na Muhammadu Dikko ba. Sauka daga Keke Napep tun da sauran tazara, ka ƙarasa da ƙafa. Je masallaci da ƙafa, je kasuwa da ƙafa, hau benen ofis da ƙafa. In ba ka da minti 30 a haɗe, raba shi uku, duk lissafi ɗaya ne. Bayan wata guda ko mako shida, in jiki ya karɓa, sai ka sa yaji sau biyu a mako, ba a jere ba. Ka ɗumama jiki minti biyar, ka yi gudu mai ƙarfi na rabin minti har magana ta gagare ka, ka yi tafiya minti ɗaya da rabi, ka maimaita sau huɗu, kana ƙarawa a hankali har takwas. Kwana biyu kuma ka ba tsoka haƙƙinta, da tsugunnawa da tashi, da ɗaga jiki a kan hannuwa, don mai rage abinci ba tare da aikin tsoka ba yakan zubar da nama tare da kitse.

'Yan'uwana mata, wannan magana har da ku. Wadda ba ta son fita titi, tsallen igiya a tsakar gida ko a ɗakin kwana ya isa yaji, kuma ku haɗu ku uku ko huɗu ku riƙa zagaya harabar makaranta da yamma. Iyayenmu da suka yi daka da surfe da jan guga ba su san sunan Tabata ba, amma aikinsa suke yi. Injin niƙa da famfo sun hutar da ku, madalla, sai dai jiki yana bin ku bashin abin da aka ɗauke masa.

Sa'an nan akushi. Ban ce ku bar tuwo ba. Ku rage malmala, ku ƙara miya da ganye, zogale da rama da kuka da kuɓewa. Ku riƙe wake. Ku sha fura ba tare da tula mata sukari ba. Lemon kwalba ya koma abin ranar suna da biki, kamar yadda yake a da. Wanda ya bar roba guda ta lemo a kowace rana ya rage kalori wajen 1,400 a mako, fiye da kewaya ganuwa sau guda, bai ko ɗaura takalmi ba. Rabin kilo a mako ya isa. Sannu ba ta hana zuwa.

Wata kalma ga wanda zai yi wata uku yana tafiya ya ga sikeli bai motsa ba, ya ce aikin banza ne. Ba banza ba ne. Motsa jiki yana saukar da hawan jini, yana taimakon jiki sarrafa sukari, yana gyara barci, yana kwantar da hankali lokacin jarrabawa, ko da nauyi bai ragu ba. Mai jiki da yake tafiya kullum ya fi siririn da yake zaune samun wannan rabo. Ku auna kanku da igiyar wando, da kuma yadda kuke hawa bene ba haki.

Shugaba, 'yan'uwa, ƙasa ta kashe dukiya mai yawa kafin ta kawo ku inda kuke, iyayenku kuma sun sa ido. Babbar hasara ce ma'aikaci ya kai lokacin da ya san aiki, 'ya'yansa suna firamare, sa'an nan shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da shi. Saboda haka ku bar gardamar ɗakin kwana haka nan. Mai son dambe ya yi, mai son noma ya yi, wanda ya haɗa su ya fi. Wanda ya ci gardamar shi ne wanda za mu tarar yana kan hanyarsa baɗi war haka. Gobe bayan sallar asuba, mai takalmi ya ɗaura, marar shi ya sa silifa, ya tasar wa ƙofar gari mafi kusa da shi.